Gabas Ya Ce Musu

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat da "ina Atu, ina Atu", to ga ta nan. Amma kada wanda ya zo yana cewa na cika mugunta, ni ma ba da daɗin rai na rubuta wannan shafin ba.

*

Ƙirjin Atu ya koma kuka.

Tarin ya wuce tun ɗazu. Yanzu wani siririn sauti ne ke fita duk sanda ta ja numfashi, irin na buta in ruwa ya fara tafasa. Tumpe ta zaunar da ita a cinyarta a kujerar baya, ta sa ta ranƙwafa gaba kaɗan yadda likitan asma ya koya mata a Mbeya, tana shafa mata baya.

"A hankali, 'yar mama. Ja... saki."

"Mama... ba ya shiga."

"Zai shiga. Daina magana."

Ta sake girgiza abin shaƙar maganin asmar a kusa da kunnenta. Wayam. Ta san wayam ne, ita ta matsa na ƙarshe da hannunta lokacin da ƙurar hanya ta tayar wa yarinyar da ciwon, amma ta kasa daina girgizawa. Sabon yana can masauki, a cikin tanti, a kan gado kusa da matajin kai. Da idonta ta gan shi da safe. Har ta miƙa hannu, sai ta leƙa ta tambayi ƙaninta ko za su daɗe, ya ce, "Haba Yaya, nan da nan ne. Kafin shayinki ya huce mun dawo."

Ga shi rana ta karkata. Shayin nan yanzu ko ƙudaje sun gaji da shi.

Motar na nan inda ta kafe, a tsakiyar busasshen rafi. Yashin sama ne ya yaudare su, ƙarƙashinsa laka ce, tayoyin baya suka nutse har cikin motar ya kwanta a ƙasa. Ƙanin nata, Gwakisa, na can ƙarƙashi yana haƙa da shebur. Ya haƙa, ruwa ya tsatso ya cike ramin, ya sake haƙawa. Shekara da shekaru yana yawo da baƙi a gandun dajin nan yana nuna musu namun daji, bai taɓa kafewa haka ba, sai yau da ya ɗauko nasa na jini: yayarsa, 'yarta, da mahaifinsu.

Mahaifin nasu, Mzee Mwakalinga, wato Dattijo Mwakalinga, na zaune a gaba cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. An gaya masa daji za a, ya ce shi ba ya barin garinsu Tukuyu ba kwat. Tun da motar ta kafe bai ce uffan ba. Duk wanda ya san tsohon nan ya san shirunsa ba na lafiya ba ne, don mutum ne da ko ayabar gonarsa sai ya yi wa faɗa in ta ƙi nuna da wuri.

Oba-oba ta yi ƙara.

"Gwakisa, Gwakisa, masauki ke kira. Kana ji na?"

Muryar Mzee Lyimo ce, babban masu jagora, wanda ya koya wa Gwakisa aikin tun bai san sawun kura da na kare ba. Gwakisa ya fito da rarrafe, laka har gira, ya fizgi abin maganar ya danna.

"Ina ji, Mzee! Mun kafe! Yarinya ba lafiya! Mzee!"

Shiru.

"Gwakisa, Gwakisa. In kana ji na ka amsa."

Haka suke tun tsakar rana. Reshen da ya fizge eriyar lokacin da suke gangarowa rafin ya bar musu kunne, ya tafi da bakinsu. Suna jin kowa, babu mai jin su. Waya kuwa babu sabis ko ɗigo. Tumpe ta ɗaga tata ta buɗaɗɗen rufin har kafaɗarta ta ƙage.

Duk da haka muryar nan ce ke riƙe da ita. Ana nemansu. Ai wanda ake nema za a same shi.

"Kin ji ko? Suna zuwa," ta ce wa Atu. "Kawunki yana da mutane."

Wata muryar ta shigo, ta wani direban.

"Mzee, Mollel ne. Na iso tafkin dorina. Babu su."

"Ka duba sawu?"

"Na duba. Giwa ce da ɓauna kawai suka taka nan yau."

"To wuce gaba, ka bi gabas har kukokin nan. Can ya ce mini zai kai su. Na tura sauran motocin ta can su ma. Maganin yarinyar yana hannunka ko?"

"Yana aljihuna."

"Madalla. Mai gyaran tanti ce ta gan shi a kan gado. Ka yi sauri."

Hannun Tumpe ya tsaya cak a bayan Atu.

Ita ba 'yar daji ba ce, ɗinki take yi. Amma jiya sun je tafkin dorina, kuma ta tuna yadda ranar safe ta dinga dukan idonta har ta rufe fuska da gyale. Yau da suka fito, a ƙeyarta ranar take.

"Gwakisa."

Bai juyo ba.

"Gwakisa, da kai nake. Me ya sa suke nemanmu a tafkin dorina?"

"Yaya, bari in sake gwada jak ɗin nan..."

"Ajiye jak ɗin ka dube ni."

Ya ajiye. Amma ƙafarta yake kallo.

"Ina muke?"

"Yamma."

"Su kuma ina ka ce musu?"

Ya goge fuska da hannu, ya ƙara wa kansa laka.

"Gabas."

Tumpe ta kafe shi da ido. Ba ta yi ihu ba, don Atu na jingine da ƙirjinta, kuma tsoro yana ƙara shaƙe yarinyar. Sai muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihun zafi.

"Maimaita."

"Yaya, ki saurare ni. Dokar aikin ce, duk mararrabar da ka kai sai ka kira ka faɗi inda ka nufa. Amma kowa yana da abin da yake ɓoyewa, wallahi kowa. In ka faɗi inda damisa ta haihu, kafin ka ajiye abin magana motoci sun yi mata zobe, gobe ta kwashe 'ya'yanta ta bar wurin. Kuma ɓangaren nan an rufe shi, ba a shigowa da mota. Ni kaɗai na san tana nan. Ban nuna wa baƙo ko ɗaya ba, na ajiye ta ne don..."

"Don wa?"

Ya saci kallon kujerar gaba.

"Na so Baba ya gani."

Kuma ya gani ɗin. Ɗazu da hantsi, a duwatsun da ke saman gaɓar rafin nan, damisar ta fito ta kwanta, 'ya'yanta biyu suna hawa wuyanta suna faɗowa. Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce "Kai!" sau ɗaya. Tumpe ta ga yadda fuskar ƙaninta ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Daga nan Atu ta fara tari, shi kuma ya yanke ta cikin rafin don su yi saurin komawa.

"Ka so Baba ya ga 'ya'yan damisa," in ji Tumpe. "To ga tawa 'yar. Dube ta."

"Yaya..."

"Na ce ka dube ta! Leɓenta wane launi ne?"

Ya duba. Ya kau da kai.

"Maganinta yana aljihun mutum, mutumin yana gudu da mota yana ƙara nisa da mu, kuma kai ka nuna masa hanya. Kai, Gwakisa. Da na goya ka a bayana ina zuwa ɗiban ruwa."

"Ban san haka za ta faru ba."

"Wa ya taɓa sani?"

"Kawu..." Atu ce, da ƙyar. "Kada ku... yi faɗa."

"Ba faɗa muke ba, uwata," Gwakisa ya ce. "Mamanki ce ke koya mini karatu."

Sai a lokacin tsohon ya yi gyaran murya.

"Tumpe, rabu da shi haka."

"Baba, ka ji abin da ya yi kuwa?"

"Na ji. Tun da safe na ji."

Ta zuba wa ƙeyarsa ido.

"A nan nake zaune," ya ce, bai juyo ba. "A gabana ya ɗauki abin nan ya ce gabas, a gabana ya karya kan mota yamma. Ni ba yaro ba ne. Na gane ƙarya ya yi, na kuma gane don wa ya yi ta."

"Ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Baba, da jikarka a baya?"

"Jiya da dare a wurin cin abinci, a gaban abokan aikinsa, me na ce? Ke ma kina wurin. Na ce jakunan dawa da barewa kawai, wannan da kiwon shanun maƙwabcina duk ɗaya. Na ce ashe wannan ne aikin da ya bar makaranta dominsa. Kowa ya yi dariya, har da ke." Ya juya hular a hannunsa. "Da na ga ya karya yamma, na ce a raina bari mu ga abin da yaron zai nuna. Son gani ne ya rufe mini baki."

Ƙani ana iya zaginsa, ana iya marinsa ma. Uba fa? Ta dube su su biyun, ɗaya cikin laka, ɗaya cikin kwat, maza biyu da suka shekara suna ja-in-ja a kan wane ne mutum, yau sun zo sun ƙare shi a kan numfashin 'yarta. Haushi ya cika ta har wuya, kuma babu inda za ta sauke shi. Sai hawaye.

"To yanzu ku gaya mini abin da zan yi," ta ce. "Ku da kuka san gabas da yamma."

Ta juya wajen Gwakisa.

"In goya ta mu tafi a ƙafa?"

"A'a," Gwakisa ya ce da sauri. "Ko ni kaɗai ba zan kai hanya kafin duhu ba. Akwai zakuna a fadamar da ke tsakani. Ba a sauka daga mota a nan, Yaya, ko ni da kike gani a ƙasa idona na kan gaɓa."

"Hon fa?"

"Na danna har batir ya fara sanyi. Iska ba ta kai shi."

"To shi ke nan? Mu zauna mu saurare su a rediyo?"

Ya kalli bayan motar. Sannan ya tsugunna ya ɗebi busasshen yashi, ya sake shi a hankali yana duban inda iska ke kai shi.

"Safaya," ya ce.

"Me?"

"In aka ƙona taya, baƙin hayaƙinta ana hango shi daga ko'ina a dajin nan. Duk mai jagora ya san wannan."

"To me kake jira tun ɗazu?"

"Ita." Ya nuna Atu da haɓa. "In na kunna a cikin rafin nan, hayaƙin kwanciya zai yi ya bi kwarin, ya shigo motar. Shaƙa ɗaya ta ishe ta. In na kunna a gaɓa, ciyawa ta bushe, wuta za ta cinye mu da motar. Wuri ɗaya ne babu ciyawa, kuma iska na kwashewa ta yi can da shi."

Ba sai ya nuna ba. Duk suka ɗaga kai suka dubi falalen dutsen da ke saman gaɓar, ƙasa kaɗan da kogon da damisar ta shige da 'ya'yanta.

"A'a," tsohon ya ce.

"Baba, babu wani wurin."

"Kai da bakinka ka ce mai jego ba ta barin ko biri ya matso."

"Na ce."

"To ni zan je. Na ci zamanina."

"Da wace gwiwar? Baba, ko matakalar coci sai an riƙe ka. Tayar nan ta fi ka nauyi."

A wata ranar da tsohon ya ce masa mara kunya. Yau bai ce ba.

Gwakisa ya juyo wajen yayarsa. Ta gane abin da yake jira. So yake ta ce kada ya je, ko ta ce ya je, wani dai ya ɗauke masa. Tumpe ta dubi ƙaninta, autansu, wanda har yau in ya zo Mbeya sai ya buɗe tukunyarta kafin ya gaishe ta. Ta dubi ramin da ke lotsawa a ƙasan wuyan Atu duk sanda ta ja iska.

Allah ya gani, tana son ƙaninta.

"Je ka," ta ce.

Ya gyaɗa kai kamar ta yi masa kyauta.

Ya kwance safayar, ya sace mata iska don kada ta fashe a wuta. Ya zuƙo man dizal da tiyo a cikin gorar ruwa, yana tofar da wanda ya shiga bakinsa. Ya laluba motar yana neman tsumma, bai samu na kirki ba.

"Ungo."

Tsohon ne. Ya cire kwat ɗin, ya miƙo ta taga.

"Baba, kwat ɗinka ce ta..."

"Na san ko ta mece ce. Karɓi."

Ya karɓa. Tsohon bai saki hannun rigar nan da nan ba.

"Abin da ka nuna mini ɗazu," ya ce, "ban taɓa ganin irinsa ba. Ka ji? Ka je ka dawo, ɗana."

Gwakisa ya rataya kwat ɗin a kafaɗa. Ya leƙo ta tagar baya ya taɓa goshin Atu da bayan yatsa, inda babu laka.

"Uwata, ki riƙe mini kujerata. Ku ɗaga gilasai duka, Yaya. Ku ja rufin. Ko me kuka ji kada wanda ya fito."

Suka ja rufin, suka ɗaga gilasai. Zafi ya rufe su. Tumpe na fifita Atu da murfin kwanon fankensu na mandazi, idonta na kan ƙaninta yana gangara tayar a yashi, kwat a kafaɗa, gora a hammata. Ya kai gaɓa. Tayar ta zame ta dawo, ya tare ta da ƙirji, ya sake turawa. Ya hau. Dogayen ciyayi suka haɗiye shi.

Can saman duwatsun, gwaggon biri ya yi haushi sau ɗaya, sauran suka ɗauka gaba ɗaya.

"Me ya sa suke haka?" in ji Tumpe.

Tsohon ya sunkuyar da kai. Leɓensa ne kawai ke motsi, yana addu'a.

"Baba, me ya sa suke haka?"

"Jiya Gwakisa ya ce mini in sun ga damisa ta motsa ne suke yi."

Ta rufe ido. Ba ta san wanda za ta roƙa wa ba, 'yar ko ƙanin, sai ta dinga cewa "Ya Ubangiji, Ya Ubangiji," ba ta ƙara komai.

"Tumpe! Duba!"

Hayaƙi. Siriri da farko, sannan ya yi kauri, baƙi ƙirin, ya miƙe sama ya karkata ya bar su. Ta ƙura wa ciyayin ido tana jiran ta ga rigarsa. Ciyayin ba su motsa ba.

Oba-oba ta yi ƙara.

"Mzee, Mollel ne! Ina hango hayaƙi!"

Tumpe ta damƙi kujerar gaba.

"Ta ina?" in ji Mzee Lyimo.

"Yamma. Can wajen busasshen rafi. Baƙi ne sosai, Mzee, kamar na taya. In juya?"

"Juya!" Tumpe ta ce wa rediyon. "Don Allah juya!"

Tsohon ya rarumi abin maganar ya danna da hannu biyu. "Mu ne! Ɗana, mu ne! Ku zo!"



"Wajen rafi an rufe shi," Mzee Lyimo ya ce a hankali. "Babu motarmu a can. Masu satar zuma ne suka sake sa wuta, zan gaya wa masu gadin daji su leƙa gobe."

"Amma Mzee, babu sawunsa a nan ko ɗaya..."

"Mollel, maganin yarinya ne a aljihunka. In ka juya ka tarar ba su ba ne, ka kashe ta. Ni na raini yaron nan a aikin nan. Da bakinsa ya ce mini gabas, kuma Gwakisa bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ci gaba."

"To, Mzee. Na ci gaba."

Abin maganar ya suɓuce daga hannun tsohon, ya yi ta lilo a jikin wayarsa.

Sai a lokacin Tumpe ta lura motar ta yi tsit.

Butar nan ta ƙirjin Atu ta daina kuka.

"Atu?"